Sana'a Tana Nan, Jari Ne Ba Ya Zama: Abin da Ke Daƙile Mata Masu Sana'a a Karkara



 

Shugaban wannan zama. Iyayenmu sarakuna, Allah ya ja zamaninku. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Wakilan hukuma da na bankuna. Iyayena mata da 'yan'uwana da kuka haƙura da cinikin yini guda domin wannan taro, ina yi muku barka da zuwa, ina kuma roƙon ku ba ni aron hankalinku.

Gabatarwa

An ɗora mini nauyin yin magana a kan matsalolin da mata masu sana'a suke fuskanta a karkarar ƙasashe masu tasowa. Fage ne mai faɗi, ya kama tun daga ƙauyukan Bangaladash har tsaunukan Habasha. Ni zan tsaya a inda na fi sani, wato karkarar ƙasar Hausa ta ɓangaren Nijeriya da ta ɓangaren Nijar, in riƙa leƙa wasu ƙasashe a duk inda abin da suka gani zai amfane mu.

Tambaya ɗaya ce za ta ja mu har ƙarshe. A kowane ƙauye akwai macen da ta shekara ashirin tana matsar man gyaɗa. Ta gwanance, manta ba ya kwantai, ƙuli-ƙulinta har daga maƙwabtan garuruwa ake aikowa saye. Amma da tiya biyu ta fara, yau ma tiya biyu take soyawa. Me ya hana tiya biyun nan zama buhu?

Amsar da aka saba bayarwa ita ce ƙarancin ilimin sana'a da rashin jari, shi ya sa kullum ake shirya horo ana rabon tallafi. Ni kuwa abin da zan kare a gabanku shi ne: matar karkara ta iya sana'a, kuɗi kuma suna shiga hannunta. Abin da ta rasa shi ne iko da abubuwa uku: jarinta, lokacinta, da farashin kayanta. Duk taimakon da bai taɓa waɗannan ukun ba, ɗiban ruwa ne da kwando.

Kasuwar bayan katanga

A shekarar 1967, wata Baturiyar Ingila mai nazarin tattalin arzikin karkara, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina. Daga cikin abin da ya ɗauki hankalinta har da cinikin da ake yi a cikin gidaje. Mata suna kulle, amma hatsi da mai da daddawa da dafaffen abinci suna shiga suna fita ta hannun yara, labarin farashi kuma yana zagaya gari daga wannan gida zuwa wancan. A 1969 ta wallafa maƙala a kan wannan ɓoyayyen ciniki. Baƙo ne yake ganin sa a ɓoye. Mu da muka tashi a cikinsa mun san shi ne yake ciyar da gari: mai fura, mai waina, mai awara, mai gumin shinkafa a Kura da Bunkure, mai saƙar tabarma da faifai, mai ɗinkin hula, mai turka rago domin babbar salla, da 'yar Fulani mai ƙwaryar nono.

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ƙiyasta a rahotonta na 2011 cewa mata su ne kashi 43 cikin 100 na masu aikin gona a ƙasashe masu tasowa. Ta ƙara da cewa da za su sami gona da taki da iri da bashi daidai da maza, amfanin da suke girbewa zai ƙaru da kashi 20 zuwa 30 cikin 100, masu kwana da yunwa a duniya kuma su ragu da mutum miliyan 100 zuwa 150. Duk da haka, idan jami'i ya zo ɗaukar bayanai, a zaure yake tsayawa, maigida ake tambaya, shi kuma ya ce, "Ba ta yin komai, sai ɗan abin da ba a rasa ba." Wadda aka rubuta ba ta yin komai, wa zai sa ta a lissafin masu neman rance ko injin niƙa?

Ina jarin yake tafiya?

Ku tambayi duk macen da ta ajiye sana'a, amsarta ɗaya ce: "Jarin ne ya karye." Mu bi sawunsa mu ga inda yake karyewa.

Hanya ta farko ita ce tukunya. Da damina ta yi tsakiya, rumbu ya yi ƙasa, maigida ya fita bai bar na cefane ba, yara kuma ba su san babu ba. Uwa ba za ta riƙe kuɗin gyaɗa a ƙullin zane tana kallon ɗanta yana kukan yunwa ba. Yau a taɓa riba, gobe a taɓa uwar kuɗi.

Ta biyu ita ce rancen cikin gida. "Ara mini kuɗin nan in sayi taki, da kaka zan biya ki." Mata nawa ne a ɗakin nan ba su taɓa jin wannan maganar ba? Wasu mazan suna cika alkawari, Allah ya saka musu. Da yawa kuwa kaka ta zo ta wuce, idan ta tuna masa ya ce, "Abincin da aka noma ba da ke ake ci ba?" Daga nan bakinta ya mutu, domin zaman aure ya fi mata jarin.

Ta uku ita ce jinya. Zazzaɓin yaro ɗaya, ko haihuwar da ta zo da gardama aka ɗauki shatar mota zuwa babban asibiti, ya isa ya cinye akuyar da aka shekara ana kiwo.

Ta huɗu ita ce biki da kayan ɗaki. Tun yarinya na ƙarama uwa take tara kwanuka. Ga gudummawar da dole a mayar, ga anko, ga gara. Ba na raina zumunci, domin gudummawar nan ita ce abin da mace take jingina da shi ranar da tata hidimar ta taso. Amma kowa ya san akwai matan da auren 'ya ɗaya ya raba su da sana'a har abada.

Ta biyar ita ce bashin kunya. Mai shago yana iya rubuta "ba bashi" a ƙofarsa. Matar da take sayarwa a tsakar gida, masu sayenta su ne facalarta da surukarta da maƙwabciyar da ta karɓi haihuwarta. Da wane baki za ta hana su?

Kada a ɗauka wannan halin Hausawa ne kaɗai. Tsakanin 2005 da 2007, masu bincike a Siri Lanka sun raba wa masu ƙananan sana'o'i tallafin kwatankwacin dala 100 zuwa 200, suka riƙa bibiyar su. Ribar maza ta ɗaga sosai, ta mata kuwa kusan ba ta motsa ba. Wasu suka yi saurin cewa ashe mata ba su iya juya kuɗi ba. A 2019 wasu masanan suka sake duba alƙaluman Siri Lanka da Indiya da Ghana, sai suka gano inda gizo yake saƙa: a gidan da miji yake da tasa sana'ar, kuɗin da aka ba matar cikin sana'arsa suke ƙarewa. A gidan da ita kaɗai ce mai sana'a kuwa, ribarta tana tashi yadda ya kamata. A ƙauyukan yammacin Kenya ma an yi wani gwaji da aka wallafa a 2016, aka ga mata sun yarda su yi asarar wani ɓangare na kuɗinsu, muddin dangi ba za su san nawa suka samu ba. Wanda ya ga tsohuwa tana tusa kuɗi a cikin tulun da ba a amfani da shi, ya san wannan ba sai an kai shi Kenya ba.

Ba ina tuhumar maza ba ne, talauci ɗaya ne yake cin gidan gaba ɗaya. Amma shari'ar da muke bi a fili take: ci da sha da sutura da mazauni suna wuyan miji ko da matar ta fi shi dukiya, abin da ta samu da guminta kuma nata ne. Idan ta taimaka, alheri ta yi. Idan ranta aka yi, bashi ne, kuma za a tambaya ranar gobe.

Gona, takarda da ƙofar banki

A ce mace ta tsallake waɗannan duka, tana son ta faɗaɗa. Ta nufi banki, tambayar farko ita ce: me za ki jinginar? Abin da banki ya sani shi ne gida ko fili mai takarda. FAO ta ce a duniya baki ɗaya, mata ba su kai kashi 15 cikin 100 na masu riƙe da gonaki ba.

Abin takaici a wurinmu shi ne addini ya riga ya ba mace rabonta. A Suratun Nisa'i an yanka wa 'ya da uwa da mata kasonsu na gado, ba a bar wa kowa zaɓi ba. Amma je ka ƙauye ka ga yadda ake yi. Uba ya rasu, sai a ce gonar gado ba a yanka ta, ta zauna a hannun yayye maza, ita kuma a riƙa aika mata 'yan tiyoyi da kaka. Idan ta nemi a fitar mata da nata, a ce ta ci fuskar 'yan'uwanta, ko a ce mijinta ne yake zuga ta. Gayaunar da miji yake ba ta kuwa aro ce, ranar da aure ya mutu ko gona ta yi ƙaranci, ita ake fara karɓewa. A kudancin Maraɗi, inda jama'a suka yi yawa gonaki suka tsuke, masu bincike sun nuna yadda mata da yawa suka rasa ɗan filin da suke nomawa, suka rasa hatsin da a dā shi ne tushen jarinsu.

Ko ta mallaki gonar, ina takarda? Dokar filaye ta Nijeriya ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, samun takardar shaidar mallaka kuwa ko ɗan birni mai ido da hanya yana shan wuya. Habasha ta gwada wata hanya mai sauƙi: tun farkon shekarun 2000 jihohinta da dama suka riƙa ba manoma takardar gona mai ɗauke da sunan miji da na mata tare, a kan kuɗi kaɗan. Miliyoyin gidaje sun samu.

Nan gida ma akwai ƙofofin da aka buɗe amma labari bai kai karkara ba. A 2013 Babban Bankin Nijeriya ya ware naira biliyan 220 domin ƙananan sana'o'i, ya ce kashi 60 cikin 100 na mata ne. A 2017 aka sa hannu a dokar da ta halatta jinginar da kadarar da ake iya ɗauka, kamar dabbobi da inji da amfanin gona. Ma'ana, awakin mace da injin markaɗenta sun isa jingina a idon doka. To, matar da ba ta da katin ɗan ƙasa, ba ta da lambar banki ta BVN, wayar da take amfani da ita ta maigida ce, reshen banki mafi kusa kuma yana hedikwatar ƙaramar hukuma, ta wace hanya wannan zai iso ta?

Ga kuma kuɗin ruwa. Mata da yawa sun gwammace su zauna da tiya biyunsu da su ci abin da suke tsoron haramun ne, kuma ba wanda ya isa ya ga laifinsu. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, wasu bankunan da ba ruwansu da kuɗin ruwa sun biyo baya, amma yawancin rassansu a birane suke.

Lokaci, da farantin talla

Ɗan kasuwa namiji idan ya buɗe rumfa da safe, hankalinsa na kan ciniki har magariba. Ita kuwa kafin ta ɗora kaskon tuya ta yi shara, ta jawo ruwa, ta nemo itace, ta yi surfe, ta wanke yara, ga goyo a baya, ga tsohuwa a ɗaki tana jiran kunu. Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya ƙiyasta a 2016 cewa mata da 'yan mata a duniya suna kashe awa miliyan 200 kowace rana wajen ɗiban ruwa kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce hayaƙin girki a cikin gidaje ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020. Mai gumi da mai suyar ƙuli-ƙuli a bakin wannan hayaƙin suke wuni. Saboda haka ni a wurina, rijiyar burtsatse a tsakiyar gari, da injin casa, da murhun da ba ya cin itace da yawa, jari ne ga mace, ko da ba a kira su da sunan tallafin sana'a ba.

Daga nan ne maganar talla take tasowa, kuma dole mu faɗe ta da gaskiya. Matar da ba ta fita, ƙafarta ita ce 'yarta. Yarinyar ce take sayo gyaɗa, ta kai niƙa, ta ɗauki faranti ta zagaya, ta dawo da ciniki. Ranar da aka sa ta makaranta, sana'ar uwa ta tsaya. Shi ya sa wa'azi a kan illar talla ya daɗe bai yi tasiri ba: ana ce wa uwa ta zaɓi tsakanin abincin yau da karatun da amfaninsa sai bayan shekara goma. Ita kuma yarinyar da ta tashi a kan faranti, ba karatu ba lissafin takarda, ga haɗarin 'yan iska a tasha da bakin kasuwa, gobe ita ce za ta gaji tiya biyun uwarta. Wanda yake son ya sauke faranti daga kan yarinya, sai ya sama wa uwarta wata hanyar kai kaya ga mai saye.

Wa ke yanka farashi?

Mace ta gama wahala, kaya sun haɗu. Saura sayarwa, kuma a nan ne ake yi mata yankan ƙauna. Ba ta je kasuwar Dawanau ba, ba ta san yadda kasuwa ta tashi ba. Dillali ko ɗan sari ne yake zuwa har ƙofar gida, shi ya san farashin birni, shi ya zo da mudunsa, shi ne kuma mai kuɗi a hannu ranar da take cikin matsi. Ba na cewa dillali ɓarawo ne, shi ma yana biyan mota a kan hanyar da ta lalace, yana biyan kuɗi a shingaye. Amma cinikin da ɗaya ya san komai ɗaya bai san komai ba, an san wanda zai kwana a ciki.

Ku dubi kaɗanya. A jihohin Neja da Kwara da Kebbi, da arewacin Ghana da Burkina Faso, mata ne suke sammako farkon damina su shiga daji tsintar ta, cikin raɓa da haɗarin maciji. Su dafa, su shanya, su fasa. Man da ake samu daga gare ta yana shiga cakulan da man shafawa masu tsada a Turai da Amurka. Amma lokacin tsintar ya zo daidai da lokacin da abinci ya ƙare a gida, don haka a take suke sayarwa, a farashi mafi ƙasƙanci na shekara. Wanda yake da sito da haƙurin wata huɗu shi yake kwashe ribar. A watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta hana fitar da ɗanyar kaɗanya na wata shida, tana cewa Nijeriya ce take samar da kusan kashi 40 cikin 100 na kaɗanyar duniya amma rabonta a kasuwar bai kai kashi 1 ba. Niyyar sarrafawa a gida mai kyau ce. Sai dai da farashi ya faɗi bayan sanarwar, a kan masu tsinta ya fara faɗowa.

Idan kuma mace ta ce za ta zuba manta a kwalba ta kai manyan shagunan birni, sai a tambaye ta lambar rajistar hukumar NAFDAC. Kare lafiyar jama'a wajibi ne. Amma sharaɗin ɗaki na musamman da rajista da zirga-zirga zuwa babban birnin jiha ya fi ƙarfin mace ɗaya. Ƙungiyar mata talatin ce za ta iya.

A kan wannan duka ga masifun da suke faɗowa daga sama. A Satumbar 2021 an rufe layukan waya da kasuwannin mako a Zamfara da sassan maƙwabtanta saboda 'yan bindiga. A farkon 2023 canjin takardun naira ya janyo ƙarancin tsabar kuɗi, mai ƙosai ta rasa mai saye domin ba ta da asusun da za a tura mata. A ranar 29 ga Mayun shekarar aka cire tallafin fetur, kuɗin niƙa da na mota suka yi tashin gwauron zabo. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka rufe iyaka wata da watanni, cinikin Jibiya da Illela da Maigatari ya tsaya. Babban ɗan kasuwa yana da abin da zai jira da shi. Mai jarin tiya biyu, mako guda ya ishe ta ta cinye shi.

Me ya sa tallafi bai kai mu ko'ina ba?

Ba a ce gwamnatoci ba su yi komai ba. A 1987 marigayiya Maryam Babangida ta ƙaddamar da shirin kyautata rayuwar matan karkara, wanda aka fi sani da Better Life. A 1994 aka kawo shirin tallafa wa iyali na Maryam Abacha. A 2018 aka raba naira 10,000 ga masu ƙananan sana'o'i a ƙarƙashin TraderMoni. Kowanne ya taɓa rayuwar wasu. Amma kowanne ya tafi da gwamnatin da ta kawo shi, kuma yawancin irin waɗannan shirye-shirye ɗabi'arsu ɗaya: a tara mata, a koya musu haɗa sabulu da man shafawa na kwana uku, a raba keken ɗinki, a ɗauki hoto. Mata arba'in a ƙauye ɗaya duk sun koyi sabulu, wa zai sayi na wa? Ba a tambaye su me suke yi tun dā ba, ba a tambaye su ina yake yi musu ciwo ba.

Bashin ƙananan sana'o'i ma ba maganin komai ba ne. Muhammad Yunus ya fara da rancen dala 27 ga mutum 42 a ƙauyen Jobra na Bangaladash a 1976, abin ya zama Bankin Grameen, har ya kai shi ga kyautar Nobel a 2006. Amma a 2010 jihar Andhra Pradesh ta Indiya sai da ta taka wa kamfanonin irin wannan bashi birki, bayan matsin masu karɓar biya ya kai wasu ga hallaka kansu. Bincike shida da aka wallafa tare a 2015, daga ƙasashe shida, sun nuna bashin yana ɗan taimakawa amma bai fitar da yawancin masu karɓa daga talauci ba. Bashin da ya shiga gidan da jari ba ya zama, nauyi kawai yake ƙara wa mace.

Abin da aka gwada ya yi

Misali mafi kyau daga ƙasar Hausa ya fito. A 1991, a yankin Maraɗi, ƙungiyar CARE ta zauna da matan ƙauye aka gina wani tsari a kan adashen da suka gada, aka kira shi Mata Masu Dubara. Ba a kawo musu kuɗi daga waje ba. Mata ashirin zuwa talatin ne suke haɗuwa duk mako, kowace ta yi zubi gwargwadon ƙarfinta. Kuɗin suna cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan suna hannun mata uku daban, ba a buɗewa sai a gaban kowa. Mai bukata ta ranta ta juya ta dawo da shi. Akwai ɗan asusu na daban domin jinya da rasuwa. Shekara ta zagayo a fasa a raba.

Ku lura da abin da akwatin nan ya magance. Idan maigida ya ce a ara masa, amsarta ba ta da rashin kunya a ciki: "Kuɗin suna akwati, makulli ba ya hannuna." Idan yaro ya kwanta, akwai asusun jinya, ba sai an sayar da akuya ba. Tsarin da aka fara a Maraɗi yau miliyoyin mutane suke bin sa a ƙasashe da dama na Afirka da wajenta, wasu daga cikin matan Nijar da suka taso a cikinsa har sun ci zaɓen kansila. Inda ake ƙyamar ƙarin da ake ɗorawa a kan rance, fiƙihu yana da mafita: ƙungiya ta sayi gyaɗar da kanta ta sayar wa 'yar ƙungiya da riba sananniya, ko a yi ƙiradi a raba abin da aka samu.

Waya ma tana yin aikin akwatin. A Kampala ta Yuganda an gwada da mata kusan 3,000: wasu aka ba su rancensu a hannu, wasu aka zuba musu a asusun waya mai lambar sirri. Bayan wata takwas, ribar na biyun ta fi da kashi 15 cikin 100, kuma waɗanda dangi suka fi matsa wa lamba su suka fi amfana.

A kan farashi kuwa, mu dubi Anand ta Indiya. A 1946 masu shanu suka gaji da 'yan tsakiya suka kafa ƙungiyar haɗin kai: kowane ƙauye da wurin karɓar madara, a auna, a gwada maiƙonta a gaban mai ita, a biya ta. Daga nan aka sami kamfanin madara na Amul, kuma kafin ƙarshen shekarun 1990 Indiya ta zama ta ɗaya a duniya wajen samar da madara. Mu kuwa, Babban Bankin Nijeriya ya faɗa a 2019 cewa fiye da dala biliyan ɗaya muke kashewa duk shekara wajen shigo da madara, alhali 'yar Fulani tana yawo da ƙwarya a rana nononta yana tsami.

Kammalawa da kira

Iyayenmu sarakuna, Allah ya ƙara muku lafiya: a gabanku ake rabon gado, da hatiminku ake sayar da gona. Kada dagaci ko mai unguwa ya sa hannu a rabon da ba a fitar wa mata da kasonsu ba, a auna, a kafa iyaka, a rubuta da sunansu. Ku kuma sa baki a rage nauyin gara da kayan ɗaki, domin dokar gari tana yin abin da mace ɗaya ba za ta iya ba.

Malamanmu, Allah ya gafarta muku: mun sha jin huɗuba a kan haƙƙin miji, kuma gaskiya ce. Muna roƙon a hau mumbari a yi bayanin dukiyar mace da hukuncin cin gadonta da bashin da miji ya ci bai biya ba. Uwar Muminai Nana Khadija attajira ce mai aika fatake Sham. Nana Asma'u 'yar Shehu ta tura malamai mata da ake kira jaji ƙauye-ƙauye suna karantar da mata a inda suke. Ba baƙon abu muke nema ba.

Hukuma da bankuna: ku kai rajistar katin ɗan ƙasa da buɗe asusu har cikin ƙauye, da ma'aikata mata da za su iya shiga gida. Ku karɓi ƙungiya a matsayin mai tsaya wa 'yarta. Kafin a sayi keken ɗinki ko ɗaya, a tambayi matan garin abin da suke so, wataƙila sito ne, ko injin casa, ko gyaran hanyar kasuwa.

Mazajenmu da 'yan'uwanmu maza: ribar matarka a cikin gidanka take ƙarewa, a cikin 'ya'yanka. Ka bar jarinta ya girma. Idan ka ranta, ka biya.

Ku kuma iyayena da 'yan'uwana mata: kada ku jira a zo daga Abuja ko Yamai. Ku haɗu ashirin-ashirin, ku sayi akwati, ku fara zubi ko da naira ɗari ce. Ku raba uwar kuɗi da riba, ku sayi kaya tare, ku sayar tare da mudu ɗaya da baki ɗaya. Kuma ku bar yaran nan mata su yi karatu, domin gobe su za su riƙe muku littafin lissafi su karanta muku takardar banki kafin ku dangwala.

Abin da na faɗa daidai, daga Allah ne. Inda na yi kuskure, Allah ya yafe mini, ku ma ku yafe mini. Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.